Hantsakin Kaka Jaji

Laraba, 6 ga Agusta, bayan la'asar

Kwanana huɗu ke nan a Kankia. Na ce wa shugaban sashenmu a Zariya mako ɗaya zan yi, ya ce in ɗauki biyu. Daga ni har shi babu wanda ya san abin da yake faɗa.

Shekaranjiya aka dawo da Baba daga asibiti. An sa masa gado a ɗakin da ke kusa da zaure saboda masu dubiya, su kuwa masu dubiya ba su ba mu kunya ba. Yau kaɗai an ba mu shawarar magani tara: uku na shafawa, huɗu na sha, ɗaya na hayaƙi, ɗaya kuma sai an je Maraɗi. Duk wanda ya tambaya sai mu ce da sauƙi. Umma ta fi kowa iya faɗa, har da ɗan murmushi take haɗawa.

Ni dai gaskiya ina jin daɗin gidan. An yi ruwa jiya, geron bayan gida ya fi ni tsawo, kuma nonon da ake kawo mana da safe ba irin ruwan da ake sayar mana a Zariya ba ne. Ban sani ba ko ya dace mutum ya ji daɗi a irin wannan lokaci. Ban tambayi kowa ba.

Alhamis, 7 ga Agusta, da hantsi

Baba ya nuna ƙarƙashin gado da hannun hagu, tunda ɓarin damansa ya shanye, magana ma ba ta fita sosai. Umma ta jawo takalmi, ya girgiza kai. Ta jawo buta, ya rufe ido. Ni na gane tun farko, amma na bari ta gwada sau biyu. Akwatin mahaifinsa yake nufi, akwatin Kaka Jaji.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tara akwatunan kayan tiyatar sojojin da. Huɗu gare ni a Zariya, kowanne na san ƙasar da aka ƙera shi da yaƙin da ya gani. Mijina, Abban Fadimatu, yakan ce matan mutane suna tara atamfa, tasa tana tara zarton yanke ƙafa. Amma wannan na gidanmu, wanda shi ya jawo ni cikin harkar tun ina firamare, ban taɓa yi masa kallon aiki ba. Kullum ina da uzuri.

Da Babbar Sallah Baba ya zaunar da ni a ɗakin nan, lokacin maganarsa tana fita yadda yake so. Ya ce: "Karima, ke kika yi karatun tarihi. Mahaifina ya ce a yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, shi ne mai miƙa wa likita kayan aiki, da aka gama likitan ya bar masa akwatin nan. Mutanen gari suka ce alfadarai ya ja, akwatin kuma a kasuwar Kurmi ya saya. Har ya rasu Likitan Alfadarai suke ce masa. Ni kuwa shekara talatin da biyar na yi ina hana yaran makaranta faɗin abin da ba su tabbatar ba. Ina so in san wanne ne kafin in je in same shi."

Na ce masa sai an yi hutu. To, ga hutun ya zo.

Jumma'a, 8 ga Agusta, bayan an sauko daga masallaci

Na shimfiɗa farin zane a kan tabarma kusa da gadonsa, na fito da komai ɗaya bayan ɗaya, yana kallo.

Akwatin jan katako ne, kusurwoyinsa da tagulla. An liƙa koren karan-miski a ciki, wanda yanzu ya koma launin miyar kuka. Gurbi goma sha bakwai, goma sha shida da kayansu: babban zarto, ƙaramin zarto, wuƙaƙe uku, almakashi, allurai, tsinken neman harsashi, maɗaurin tsayar da jini da fatarsa ta bushe ƙamas, da sauransu. Fallen tagullar da ake kafawa a murfi da sunan runduna babu shi, sai ramukan ƙusa huɗu.

Ƙotocin wuƙaƙen na baƙin itace ne, kamar zuciyar kanya. Na daɗe ina juya su a hannuna. Baba yana kallon fuskata, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya ce ya manta littafinsa a gida.

Na tashi na je na taya Umma tsinkar zogale.

Asabar, 9 ga Agusta, da safe

Bari in rubuta tunda babu mai karantawa. Tun da likitoci suka fara tafasa kayan aiki suka daina yi musu ƙotar itace, domin itace ba ya jure tafasa. An yi wannan canji tun ba a haifi Kaka Jaji ba. Akwatin ya girme shi, balle yaƙin Bama. Da ɗalibina ne ya kawo min shi ya ce na Bama ne, da na mayar masa da takardarsa.

Asabar, da azahar

Na sake dubawa da madubin ƙara girma, don ba ni da wani aikin. Gurbin nan da babu komai a ciki ba kamar sauran yake ba. An ƙara masa tsawo da wuƙa, wajen yatsa biyu, har itacen ya fito fari babu karan-miski. Wani ya sa sabon ƙarfe a tsohon akwati, ƙarfen kuma ya fi na asalin tsawo.

Akan yi haka lokacin yaƙi, a fito da tsofaffin kaya daga sito a cike abin da ya ɓace da sabo. In ƙarfen na sojan Ingila ne, za a ga alamar kibiya a jikinsa, sau da yawa har da shekarar ƙira. In shekarar ta faɗa cikin yaƙin, to akwatin ya yi aiki a yaƙin. Ba hujja ce cikakkiya ba, amma za ta ishe ni in kalli Baba in buɗe baki.

Na tambayi Umma abin da yake zama a gurbin. Ta ce ai hantsaki ne dogo, yana wurin Gwaggo Inno, yayar Baba, can a Boko ta ƙasar Kusada, tun ranar rabon gado. Maza suka ɗauki gona, Baba ya ɗauki akwati, ita ta ce hantsakin nan kawai take so.

Lahadi, 10 ga Agusta, da yamma

Da sauƙi.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan magariba

Yaya Harisu yana biyowa kullum in ya taso daga sakatariya, ya tsaya a ƙofa yana kaɗa makullin mota. Ya yi imani duk marar lafiya dariya yake buƙata, kuma ya yi imani shi mai ban dariya ne. Yau da ya ga kayan a shimfiɗe sai ya ce: "Malama, ya labarin Likitan Alfadarai? An gano ko alfadarin ya warke?"

Na ce ana bincike. Ya ce ai alfadari ma rai ne, babu abin kunya.

Baba ya juya fuska ga bango. Ba shi da sauƙin juyawa yanzu, sai da ya ɗauki lokaci, dukanmu muna tsaye muna kallo. Harisu ya ce bari ya je ya ga ko ya kulle motar.

Ba mugu ba ne. Shi yake ɗaga Baba in za a gyara shimfiɗa, kuma na ga yadda yake tallabe kansa.

Talata, 12 ga Agusta, da hantsi

Gwaggo Inno ba ta da waya, ta ce ba ta magana da mutumin da ba ta ga idonsa ba. Sai ta wayar maƙwabcinta Malam Ummaru aka same ta, shi ma sai da ya hau tudu. An ce mata zazzaɓi ne ke damun Baba, haka manyan gida suka yanke, ni ma haka na maimaita.

Muka gaisa mai tsawo, har da lafiyar awakinta. Sannan na kawo maganar hantsaki. Ta ce yana nan, mi zai same shi, duk Boko babu ƙayar da ba ta san shi ba. Da shi take cire ƙaya, da shi take zaro gyaɗa daga hancin yara, har daga Tafashiya an taɓa kawo mata wani da ya cusa dutsen ado a kunne.

Na ce ko akwai rubutu a jikinsa. Ta ce: "Akwai rubutun Nasara, da wani ɗan zane kamar sawun kaza."

Kibiyar sojan Ingila layi uku ne da suka haɗu a wuri ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa kiwon kaji haka zai kira ta.

Malam Ummaru ya karɓi hantsakin ya duba, ya ce akwai lamba amma ba ta karantuwa, ta yi ja. Ni kuwa da ɗoki sai na ce: "Au, tsatsa ta ci shi haka? Ku bar shi, zan zo in ɗauka in kawo wa Baba ya gani."

Gwaggo ta karɓi wayar. Ta ce to, Allah ya kawo ni lafiya.

Yau na ci tuwo kwano ɗaya da rabi.

Alhamis, 14 ga Agusta, da safe

An kwana ana ruwa. Malam Ummaru ya ce rafin da ke kan hanyarsu ya kawo, babur ba ya ƙetarewa, in bari ya janye.

Baba ya ce "ruwa". Sarai kalmar ta fito. Umma ta kawo masa kofi, ashe taga yake nunawa.

Asabar, 16 ga Agusta, da azahar

Ina zama wurinsa ina goge kayan da auduga da ɗan man keke, a hankali, ƙarfe ɗaya a yini. Ina gaya masa aikin kowanne. Yana son tsinken neman harsashi, mai ɗan farin tangaram a kai, wanda in ya taɓa dalma sai ya yi baƙi, likita ya san ya iso wurin. Sau uku ya sa na maimaita masa wannan.

Na faɗa masa labarin sawun kaza. Gefen bakinsa ya ɗaga. Labarin ƙotar itace kuma ban kai gare shi ba tukuna.

Lahadi, 17 ga Agusta

Likita ya zo ya yi magana da Harisu a zaure. Ni ba a kira ni ba, ban kuma tambaya ba. Da sauƙi.

Talata, 19 ga Agusta, da yamma

Rafi ya janye. Gobe Boko.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan la'asar, a ɗakin Gwaggo

Mota zuwa Kusada, babur zuwa Boko, laka har gwiwa. Gwaggo ta yanka min kaza, ta kuma ƙi a yi maganar komai sai na ci na sha fura. Gidanta kamar a lashe. Kwanoninta na jere suna ɗaukar ido, ko tukunyar tuwonta ba ta da baƙin gindi. Ya kamata a ce na gane tun daga nan.

Bayan na wanke hannu ta kawo wani ƙullin sabon ƙyalle ta ajiye a gabana, tana murmushi. Na kwance.

Hantsakin cire harsashi ne, na ƙarfe zalla, tsawonsa daidai da gurbin, na auna. Yana walƙiya kamar yau aka fito da shi daga takarda. Na juya shi, na sake juyawa, na sa madubi. Sumul. Babu kibiya, babu lamba, babu ko ɗigo.

Ta ce da na ce tsatsa ta ci shi ba ta yi barci ba. Za a kai abin mahaifinsu Kankia, cikin masu dubiya, a ce shekara talatin da shida yana hannun Inno ga yadda ta bar shi? Ta goge da toka da lemon tsami bai fita ba, ta sa yashi bai fita ba, sai ta kai wa Kabo maƙeri, shi da yake da injin wasa wuƙa.

"Ɗiyata, bai yi ba?"

Na ce ya yi kyau ƙwarai, Gwaggo. Kuma ya yi kyau ɗin.

Digiri biyu gare ni. Na san yadda ake karanta tambarin maƙerin da ya mutu shekara ɗari da suka wuce a wata ƙasa, amma na manta ba a ce wa mace irin Gwaggo kayanta sun yi tsatsa.

Laraba, dab da magariba

Na je maƙerar Kabo. Mutum ne mai fara'a, ya kuma yi murna an zo yaba aikinsa. Ya ce bai taɓa sa ƙarfe mai taurin wannan a dutse ba, rubutun nan ya ba shi wahala, sai da ya bi shi sau uku kafin ya tafi. Ya zana min sawun kazar a ƙasa da yatsa, daidai, babu kuskure.

Na ce lambar fa? Ya ce guda huɗu ne, ya gan su da tsatsa ta fara tashi. Ɗaya, sai tara. Sauran biyun bai riƙe ba, don ba a ce masa za a yi tambaya ba.

Ɗaya da tara. Wato an ƙera shi a ƙarnin da ya wuce. Na yi masa godiya.

A hanyar dawowa na tsaya a bakin wata gonar gyaɗa na yi dariya ni kaɗai, har wata mai tallar nono ta tambaye ni ko lafiya. Daga baya abin ya daina zama dariya, amma ita ta riga ta wuce.

Alhamis, 21 ga Agusta, da hantsi, a tashar Kusada

Gwaggo ta ce da ita za a tafi. Na fara jero mata zancen zazzaɓi, ta ce in rufe mata baki, zazzaɓi ba ya ajiye malamar jami'a a gida mako uku. Ta ce tun ranar wayar ta ɗaure kayanta, rafi ne ya tsare ta.

Ban san abin da zan ce wa Baba ba. Ƙarya ba za ta yi ba, shekara talatin da biyar ya yi yana kama masu yin ta, kuma wannan gefen nasa babu abin da ya taɓa shi.

Alhamis, bayan la'asar

Zan rubuta wannan yadda ya faru.

Gwaggo ta shiga ɗakin ta tsaya, ta kalle shi daga kai har ƙafa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce: "Haladu, kai da kake ƙarami, kai za ka riga ni kwanciya? Ba ka da kunya." Ta zauna a bakin gado.

Ni na durƙusa na faɗa masa komai: ƙotar itace, gurbin da aka ƙara, kibiyar da mutum biyu suka gani, lambar da ta tafi a dutsen Kabo. Na ce ba ni da abin da zan nuna masa. Gwaggo sai a lokacin ta gane abin da aka goge. Ta sa hannu a baki, na ce mata laifina ne, kuma ba don in lallashe ta na faɗa ba.

Baba ya kalli rufi. Sannan ya buɗe tafin hagu, yana so ya riƙe abin.

Gwaggo ta kwance ƙyallen. Ta kama hantsakin ta wajen bakinsa, ta juya zobban zuwa gare shi, ta buga su a tsakiyar tafinsa, tas, ta ce: "Hantsaki." Yatsunsa suka rufe a kai. Bai ko dubi hannun ba.

Na taɓa ganin wannan miƙo, sau da yawa, a tsofaffin finafinan koyar da ma'aikatan tiyata na soja da nake kallo saboda aikina. Ba a ɗora ƙarfe a hannun likita a hankali. Buga masa ake yi ya ji, a kuma kira sunan abin.

Na ce: "Gwaggo, wa ya koya miki miƙa abu haka?"

Ta ce wane irin koyo, ai haka mahaifinsu yake miƙa kowane ƙarfe, ko wuƙa ko lauje. Duk ɗan da ya miƙa masa abu da baki gaba, ko ya miƙa da sanyin jiki, sai ya sha ranƙwashi. "Cewa yake likita ba hannunka yake kallo ba, ciwo yake kallo." Ta ce har ludaya sai an ƙirga kafin a sha fura a kuma ƙirga bayan an gama, wai kada a bar ɗaya a cikin mutum. Su duk sun ɗauka cikin abubuwan da yaƙi ya bar masa ne a ka.

Na juya wurin Baba. Na ce wannan ba zai shiga takarda ba, a jami'a ba za su karɓa ba. Amma ana sayen akwati a Kurmi, ba a sayen wannan. Wanda hannunsa ya saba da haka har ya dinga dukan 'ya'yansa a kai, a gefen likita ya tsaya, kuma ba yini ɗaya ba. Na ce in ni ya tambaya, mahaifinsa gaskiya ya faɗa.

Ya kalle ni irin kallon nan nasa, ya daɗe. Ban sunkuyar da kai ba, domin babu dalili.

Bakinsa ya yi ta aiki kafin abin ya fito. Umma ta matso da kofi, ya kawar da kai. Ya ce: "Kira... Harisu."

Jumma'a, 22 ga Agusta, da hantsi

Harisu yana Katsina jiya, sai yau da safe ya zo. Baba ya sa an jingina shi da matashi biyu, ya sa an ɗora masa hula. Ni na yi bayani, shi yana sa ido kamar ranar jarrabawa.

Harisu ya saurara yana kaɗa makulli. Da na gama ya ce to, Malama, wannan ai labari ne, shi dai bai ga shekara a jikin ƙarfe ba. Na ce ni ma ban gani ba. Ya ce a ba shi abin ya duba da kansa, ya miƙa hannu wajen Gwaggo yana ci gaba da yi min bayanin yadda tsofaffin sojoji suke da ƙarin gishiri.

Ta buga masa a tafi. Ya damƙe, idonsa yana kaina, bakinsa bai tsaya ba. Sai da ya kai ƙarshen maganarsa sannan ya lura dukanmu hannunsa muke kallo. Ya duba shi ma.

Ya ce: "Ai Baba ne ya koya min."

Baba ya ɗaga kai sau ɗaya, ya nuna wa Umma ta cire masa hular, ya kwanta.